Auta da kalmar «apokirin»

A wani ƙauye kusa da Mirriya, gabas da birnin Zinder, akwai wani yaro ɗan shekara 12. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Yana aji biyar a makarantar ƙauyen, inda ake karatu da Hausa da Faransanci.

Ubansa yana da garka a bakin fadama. Kowace safiya, bayan sallar asuba, Auta yakan bi shi can. Uban yana jan guga, shi kuma yana ɗaukar ruwa yana ba albasa da tumatir da barkono. In rana ta ɗan ɗaga, sai ya sheƙo gida a guje, ya kurɓi kunu, ya zura rigarsa ta nailan, ya ɗauki littattafai, ya nufi aji. Haka yake yi tun yana aji ɗaya, ba wanda ya taɓa ce masa uffan.

Sai bazarar da ya cika shekara 12 ta zo. A ƙasar Damagaram, cikin watan Afirilu da na Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Ajinsu kuwa rufin kwano ne. Wata rana Auta ya lura yaron da suke benci ɗaya ya matsa can gefe. Kashegari yaron ya toshe hanci da bakin rigarsa. Da aka fita shan iska, wani babban yaro ya hango Auta tafe, sai ya ce da ƙarfi:

— Ku ba da hanya, bunsuru ya iso!

Yara suka tuntsure da dariya. Auta ya zagaya bayan aji, ya duba ba kowa, ya ɗaga hannu ya shinshina hamatarsa. Gabansa ya faɗi. Lalle akwai wari, wani irin tsami-tsami da bai taɓa ji a jikinsa ba.

Daren nan bai yi barcin kirki ba. Ya yi ta tunani: ko wata cuta ce ta kama shi? Ko ya tsallaka wani abin da aka binne a hanyar fadama? Ya ji kunyar tambayar uwarsa, ya ji nauyin ubansa. Da safe ya saci jiki ya ɗauki turaren uwarsa, ya zuba a riga. Kafin azahar turare da zufa suka haɗu, abin ya fi na jiya muni. Sai ya ce a ransa: «Tun da zufa ce ke jawo mini wannan, bari in rage shan ruwa.» Ya wuni bai kusanci randa ba. Da la'asar kansa ya riƙa sarawa, ya ga jiri, ya zauna a ƙofar gida kamar marar lafiya. Warin kuwa yana nan.

Daga nan ya daina zuwa aji. Da safe yakan fita da littattafansa, ya kauce hanya, ya zauna gindin wata kuka har yara su taso, sannan ya bi bayansu zuwa gida. Ya yi kwana uku haka.

A rana ta huɗu kakarsa ta fito neman ƙirare, ta iske shi zaune ya haɗa kai da gwiwa.

— Maigidana, yau a nan aka buɗe makarantar? Ko kishiya ka yi mini kake jiran ta a ɓoye?

Auta bai yi dariya ba kamar yadda ya saba. Tsohuwa ta aje igiyarta, ta zauna kusa da shi. Da ƙyar ya buɗe baki, ya gaya mata duk abin da ya faru.

— Ashe abin ke nan? Girma ne ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ubanka ma da ya kai kamarka, sai da na riƙa korar shi wanka da muciya.

— Kaka, to me ya sa ni kaɗai? Zufar nan kullum ina yin ta, ba ta taɓa wari ba sai bana.

Tsohuwa ta yi shiru. Ta san abin, amma ba ta san dalilinsa ba. Ta ce:

— Wannan tambaya ta malaminku ce. Tashi mu tafi gida.

Da magariba ta je gidan malamin, suka yi magana a zaure. Bayan isha'i malam ya biyo ta ƙofar gidan su Auta, ya sa aka kira shi. Bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi:

— Gobe ka zo da wuri. Akwai darasin da ba na son ya wuce ka.

Tulu da bokiti

Da safe yara suka iske abu biyu a gaban allo: sabon tulu irin na maginan Mirriya, da bokitin ƙarfe. Malam ya ce tun asuba ya cika su da ruwan rijiya ɗaya. Ya kira yara biyu su taɓa. Ruwan tulu da sanyi, na bokiti kuwa ya yi ɗumi.

— Me ya sa?

Wata yarinya ta ce:

— Malam, tulu yana tsattsafo da ruwa ta jikinsa.

— Madalla. Jikin tulu yana da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana fitowa ta nan kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi. Duk ruwan da ya bushe, yakan tafi da zafi. Salkar makiyayi ma haka take sanyaya ruwa. To, jikin mutum shi ma tulu ne. Zafin cikinsa digiri 37 ne, kuma ba ya son ya wuce haka sosai. In rana ta yi zafi, ko mutum yana aiki, sai fata ta fid da ruwa, iska ta busar, jiki ya huce. Yaya ake kiran wannan ruwa?

Wasu suka ce zufa, wasu gumi, wani yaro da iyayensa suka zo daga Tawa ya ce su jiɓi suke cewa. Malam ya rubuta duka uku a allo. A gefe kuma ya rubuta da Faransanci: *glande sudoripare*.

— Kada tsawonta ya ba ku tsoro. In kalma ta yi muku girma, ku fasa ta kamar goro. *Glande* ita ce ƴar gaɓar da ke haɗa wani ruwa a cikin jiki, ta fid da shi. Irin su ne ke yin miyau da hawaye. *Sudoripare* kuwa daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā: *sudor* shi ne zufa, *parere* kuma haihuwa. Ke nan, mai haihuwar zufa. Da Hausa yaya za mu ce?

Aka yi ta kawo shawara. A ƙarshe aji ya tsaya a kan «maɓuɓɓugar zufa», don kowa ya san maɓuɓɓugar ruwa.

Malam ya zana ta a allo: wani dunƙulen zare a can cikin fata, da siririyar hanya da ta miƙo har waje. Ya ce wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, shi ya gano su a shekara ta 1833, da madubin da ke ƙara girman abu. A fatar mutum ɗaya akwai tsakanin miliyan 2 da miliyan 4. Sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi; a wurin da bai fi faɗin farce ba akan sami ɗaruruwa. Manomin da ke aiki cikin rana yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya. Don haka duk wanda ya hana kansa ruwa don ya rage zufa, wuta ya kunna wa jikinsa.

Auta ya sunkuyar da kai. Ya tuna da jirin da ya gani.

Maɓuɓɓuga iri biyu

Malam ya goge allo, ya raba shi biyu. A dama ya rubuta *eccrine*, a hagu *apocrine*. A ƙarƙashinsu ya rubuta yadda za a faɗe su da Hausa: ekirin da apokirin. Ya ce wani masanin jikin ɗan Adam na ƙasar Jamus, Paul Schiefferdecker, shi ya bambanta su da waɗannan sunaye, tsakanin 1917 da 1922. Kalmomin na Girkanci ne.

— Mu fara da ekirin. *Ek* yana nufin waje, *krinein* kuma warewa. Su ne masu ware ruwa daga jiki su tura shi waje. Suna ko'ina a fata, kuma suna aiki tun mutum yana jariri. Abin da suke fitarwa, kashi 99 cikin 100 ruwa ne, sauran gishiri ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Wa ya taɓa ganin farin zane a bayan rigar ubansa in ya dawo daga gona?

Hannuwa suka tashi.

— Gishirin ke nan. Wannan ita ce zufar da kuka sani tun kuna ƙanana. Ita ke sanyaya jiki.

Sai ya koma hagu.

— *Apo* yana nufin «daga», wato abu ya rabu da inda yake. Apokirin ke nan: abin da ya ware daga jikin wani abu. Kun ga yadda mai fura take gutsurar ƙullu daga babban curi? Bangon wannan maɓuɓɓuga an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, jere kamar tubali. Da masana suka duba su da madubi, sai suka ga kan kowace ƙwaya yana kumburowa, ya gutsure, ya bi ruwan. Dalilin sunan ke nan. Saboda haka ruwanta ba tsararo ba ne. Yana da ɗan kauri, fari-fari, da maiƙo da furotin a ciki.

Ya ce waɗannan ba su bazu a jiki duka ba. Suna hamata, da matsematsi, da kewayen kan nono. Ba sa buɗewa kai tsaye a kan fata. Cikin ramin gashi suke zuba ruwansu, ya biyo gashin ya fito. Maɓuɓɓugan da ke yin dauɗar kunne da masu yin nonon uwa, danginsu ne. Doki kuwa da irin waɗannan yake zufa a jikinsa duka. Farin kumfan da ake gani a wuyansa bayan sukuwa ranar hawan salla, furotin ɗin cikin zufarsa ne ke kawo shi.

Malam ya ɗan tsaya, ya dubi aji.

— Ga abin da nake son kowa ya riƙe. Da su aka haifi kowa, amma barci suke yi. Ba sa farkawa sai mutum ya doshi balaga. Wani tun yana shekara 10, wani 12, wani sai 14, mace da namiji. Zafi ba shi kaɗai ke motsa su ba. Tsoro da fargaba da kunya ma suna sa su aiki.

Auta ya ɗago kai. Tambayar da ya yi wa kakarsa ce aka amsa: zufar bara daban, ta bana daban.

Daga ina warin yake?

Malam ya ce yara su kawo sunayen abin da hanci ke ji. Suka kawo ƙamshi, wari, ɗoyi, ƙarni, ƙauri, tsami. Ya tambaya:

— Madarar da aka tatso yanzu, tana tsami?

— A'a, Malam, sai ta kwana.

— Me ke sa ta tsami?

Suka tuna da darasin watan jiya, suka ce ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, bakteriya.

— To, haka zufar apokirin take. A shekara ta 1953, wasu likitocin fata a Amurka, Walter Shelley da abokan aikinsa, suka tsabtace hamatar mutane, suka ɗebi ruwan apokirin tun yana fitowa. Suka shinshina, ba wari ko kaɗan. Sai da bakteriyar fata ta taɓa shi, ya ɗan jima, sannan warin ya tashi. A fatar kowane mai rai akwai bakteriya, ta sarki da ta talaka, kuma yawancinsu ba sa cutar da kowa. Hamata wuri ne mai ɗumi da laima, ga abinci mai maiƙo ya samu. Suna ci, suna farfasa shi, abin da suka bari shi hanci ke ji. In warin ya yi yawa har ya dami mutum, likitoci suna ce masa *bromhidrose*: *bromos* wari, *hidros* zufa.

Babban yaron nan da ya fara tsokana ya ɗaga hannu.

— Malam, to me ya sa na wani ya fi na wani?

— Dalilai uku. Na ɗaya, aiki: wanda ya ja ruwa tun asuba ba ɗaya yake da wanda ya tashi daga tabarma ya taho ba. Na biyu, abinci: tafarnuwa da albasa da hulba sukan fito a zufa. Na uku, gado. A ƙasashen Koriya da Japan da Sin, mutane da yawa hamatarsu ba ta cika wari ba, dauɗar kunnensu kuma busasshiya ce. A 2006 masu bincike na Japan suka gano ƙwayar gadon da ke sa dauɗar kunne ta bushe ko ta yi danshi, daga baya aka ga ita ce kuma ke da hannu a warin hamata. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Sunan bunsuru da wasu ke kiran mutane da shi ma ba sabo ba ne. Rumawan dā haka suke yi wa juna gori. Sai dai su ba su san dalili ba, ku kuwa yanzu kun sani. Wanda ya cika shekara 10 a ajin nan ya ɗaga hannu.

Duk aji ya ɗaga.

— To, wanda tasa ba ta farka ba, tana hanya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba wanda ya yi dariya. Babban yaron ya sauke hannunsa a hankali. Malam bai dubi wajen Auta ba ko sau ɗaya.

Kafin a tashi, aka rubuta abin yi a allo, kowa ya kwafa:

1. A wanke hamata da matsematsi da sabulu kowace rana, musamman bayan aiki. Ko rabin bokiti ya isa.
2. A bar jiki ya bushe kafin a sa tufafi.
3. A wanke rigar da ta sha zufa, a shanya ta a rana. Rigar auduga ta fi ta nailan shan iska, kuma ba ta riƙe wari kamarta.
4. In gashin hamata ya fito, a riƙa rage shi, don yana riƙe zufa.
5. Turare a kan jikin da ba a wanke ba, ƙara wari yake.
6. A sha ruwa sosai.
7. A je wurin likita in maruru suna yawan fitowa a hamata, ko in mutum yana jiƙewa da zufa cikin dare tare da tari da rama.

Da Auta ya koma gida, ya tarar da kakarsa tana kaɗi a inuwa. Ya zauna ya zana mata dunƙulen zaren a ƙasa da tsinke, ya faɗa mata sunan.

— Apo me? Kai, Maigida, wannan suna ya fi ƙarfin haƙorana.

Ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan dunƙulen alimun a ƙulle cikin tsumma. Ta ce in ya yi wanka ya jiƙa shi, ya ɗan goga a hamata. Haka ta yi wa ubansa. Da Auta ya tambayi malam, malam ya ce tsohuwa ta yi gaskiya: alimun yana tsuke ƙofofin zufa, yana kuma rage bakteriya, amma kada a shafa a kan rauni ko inda aka yi aski yanzu.

Abin da ya rage shi ne gaya wa ubansa. Da dare, bayan an ci tuwo, Auta ya durƙusa ya ce:

— Baba, ina roƙon in riƙa barin garka da ɗan sauran lokaci, in yi wanka kafin in tafi makaranta.

Uban ya dube shi, ya dubi tsohuwa, ya ga tana murmushi. Ya ce:

— Guga biyu na ƙarshe naka ne. Ka yi wankanka can bayan darni, ka taho da tsabtarka.

Ran kasuwar Mirriya, da ya sai da albasa, ya sayo masa rigar auduga da sabulun salo. Auta yakan wanke riga ɗaya da yamma, ya sa ɗaya da safe. A zafin bazara, kafin magariba ta bushe.

Yaron da suke benci ɗaya ya dawo wurinsa, ba tare da an ce komi ba. Sunan bunsuru ya ɗan jima yana yawo a bakin wasu, sannan ya mutu. Bayan damina, da aka koma makaranta, wata rana Auta yana tafiya gida sai ya ji ana kiran shi. Babban yaron nan ne. Ya jira har sauran suka yi nisa, ya matse hannuwansa a jiki, ya ce a hankali:

— Auta, don Allah, dutsen nan da kakarka ta ba ka, a ina ake samun shi?

Auta ya ce:

— Wajen masu koli, ran kasuwa. Amma sai an yi wanka tukuna. Zo mu je gida in gutsura maka nawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan tulu ya fi na bokiti sanyi? Yaya wannan ya yi kama da jikin mutum?
2. Fasa kalmar *sudoripare* da kalmar *apocrine*, ka faɗi ma'anar kowane ɓangare.
3. Kawo bambanci uku tsakanin maɓuɓɓugar ekirin da ta apokirin.
4. Wane kuskure Auta ya yi da ya rage shan ruwa?
5. Me ya sa malam bai ambaci sunan Auta a cikin darasin ba?